Tunani ya hana ni barci, likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa: wa ya gwada?

Ɗan kasuwa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da kasuwa ta juya mini baya, barci ya ƙaurace wa idona. Ina kwanciya lissafin bashi zai taso, in yi ta juyi har kiran assalatu. Likita ya ce jinina ya ɗan hau, ya kuma ce in riƙa tafiyar ƙafa kullum. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gwada, don Allah ya gaya mana abin da ya gani.

Malamin makaranta, Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya kawo mafita. Bayan rasuwar mahaifina haka na zama. Sai na fara zagaya Dandalin Murtala bayan sallar asuba. Da farko ba abin da na samu sai tsamin jiki. Barci ne ya fara dawowa, don gajiyar tafiya daban take da gajiyar tunani. Daga baya uwargida ta ce na daina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Uwar 'yan biyu, Zariya:
Ku maza abin ya zo muku da sauƙi. Ni bayan na haihu, haka kawai sai in zauna in yi ta kuka, ga jarirai lafiya lau. Aka ce ai aikin gida ma motsa jiki ne. Shara, wanki, girki, ba wanda ba na yi, amma ƙuncin yana nan daram, saboda hannu na aiki zuciya na saƙe-saƙe, kuma bango huɗun nan dai nake kallo. Da na yi arba'in, maigida ya amince muna fita da maƙwabciyata bayan la'asar, mu sa hijabanmu mu zaga unguwa. A ganina rabin sauƙin daga tafiyar ne, rabi daga samun wadda zan amayar wa abin da ke raina. Magidanta, don Allah ku riƙa barin matanku suna shan iska.

Ma'aikacin jinya, Sakkwato:
Alhaji, likitanka ya yi daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, wato ko minti 30 sau biyar ya kai ka ƙofa. Saurin da ake so shi ne numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Motsin yana sa jiki ya saki sinadaran da ke kwantar da hankali, hasken safiya kuma yana saita lokacin barci. Tunda akwai hawan jini, ka fara a hankali.

Ɗalibi, Maraɗi:
Baba, ni nawa ya wuce nan. Lokacin da ciwon damuwa ya kama ni, ko tashi daga tabarma gagara ta yake yi, balle ƙwallo. Masu ce mini "tashi ka motsa jiki" ƙara mini nauyi suke yi. Sai da yayana ya kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa na fara shan magani, sannan na iya komawa fili. Yanzu ina haɗa biyun. Duk wanda ya fara jin rayuwa ta ishe shi, a kai shi asibiti a ranar.