Mu da ke zaune a bakin iyakar Najeriya da Nijar, me muka gani da idonmu?

Ɗan Jibiya: Assalamu alaikum. Da zarar an taɓo batun tsaro sai ka ji an ce baƙin haure ne daga Nijar. Ina so mu da iyakar ta ratsa gonakinmu mu faɗi abin da muka gani da kanmu.

Direba, Illela: Wa alaikumus salam. Jigila nake tsakanin Illela da Birnin Konni. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019, ƙofa kawai aka rufe. Fasinjojina suka koma hawa babur cikin dare, ana ratsa gonakin gero da fitila a kashe, kuɗin hanya ya ninka. Haka aka sake yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Abin da ke ci min rai shi ne, hanyoyin da aka buɗe don buhun shinkafa ba su rufu ba, kuma yau ba shinkafa kaɗai ke bin su ba.

Hajiya, Sabon Birni: Ni kam ni ce baƙuwar. 'Yan bindiga suka tashe mu, muka tsallaka yankin Maraɗi, wajen Gidan Rumji, da tabarma da yara. Wata mata da ban taɓa gani ba ta kwashe kayanta daga ɗaki ta ba mu, muka raba hatsin da ko ita bai ishe ta ba. Don Allah in za a zagi masu ƙetare iyaka, a tuna da mu ma.

Malam, Tangaza: Hajiya, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Amma kada mu rufe ido. Lakurawa, 'yan bindigar nan masu iƙirarin jihadi, ta daji suka shigo mana, da farko har wasu suka ɗauke su masu taimako kan ɓarayin shanu. Daga baya suka fara karɓar zakkar dabbobi da bindiga a kafaɗa. Mun daɗe muna kuka kafin sojoji su sanar da ɓullarsu a Nuwamban 2024.

Dillalin dabbobi, Maigatari: Gaskiya ne, Malam. Duk Alhamis kasuwarmu cike take da mutanen Damagaram, kuma na san su har kakanni, wasu surukaina ne. In baƙuwar fuska ta zo da shanu tana gaggawar sayarwa a kan kuɗin da bai kai ba, mu muke fara ganewa. To wa za mu gaya wa, mu tabbata sunanmu ba zai koma kunnen wanda ya kawo shanun ba?

Direba, Illela: Ina da tambaya. Tunda Nijar ta fice daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, akwai wanda aka tsare a shinge saboda takarda? Ni dai a hanyata katin ɗan ƙasa ake tambaya.