Ƙ ɗina ta ɓace a kan allon talla, wane samfurin haruffa zan koma?

Almajirin Corel, Bolari:
Assalamu alaikum manyanmu. Wata na shida kenan ina koyon dizain a shagon yayana, jiya wata Hajiya mai gidan abinci a Jekadafari ta ba mu aikin allon shago, tana so a rubuta MARABA DA BAƘI a sama, sunan shagon a ƙasa. Na sauke wani samfurin haruffa na zamani irin marasa ƙafar nan (ƴan layukan ado a ƙarshen harafi) da ake ce wa sans serif, masu kauri, tsaye kamar sojoji, wallahi ya burge ni a kwamfuta. To da na zo kan Ƙ sai wani ɗan akwati ya fito a wajen. Na sa K kawai aka buga, Hajiya ta zo ta karanta ta ce ita baƙi take yi wa maraba ba baki ba, kuma tana da gaskiya, yanzu fileks ɗin, wato ledar da aka buga rubutun a kai, yana ninke a lungu, asara a kanmu. Don Allah wane samfuri ne mai kyau na manyan rubutu wanda ke da ƙ da ɗ da ɓ?

Baban Zane, Tashan Dukku:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Akwatin nan da ka gani ba laifin kwamfutarka ba ne, wanda ya zana samfurin ne bai zana harafin ba sam, domin kowane harafi sai an zauna an zana shi ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu kuma da harsunan Turai a ransu suke aikin, ba su san da mu ba. Ka ɗauki Noto Sans, na Google ne kuma kyauta, yana da masu lanƙwasar duka babba da ƙarami, kuma yana zuwa daga siriri har mai kauri sosai, mai kaurin shi ne na allo. Akwai kuma Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, wanda don masu koyon karatu aka yi shi, in aikin makaranta ne ko Islamiyya shi nake sa wa. Ni kafin in fara kowane aiki sai na buga ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ na gani tukuna, daƙiƙa biyar ce.

Amma bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. Samfurin manyan rubutu an yi shi ne don kalma uku ko huɗu da mutum zai karanta yana cikin keke napep yana wucewa, shi ya sa ake cire ƙafafun, a kaurara jiki, a matse tazara. Misali, samfurin Impact tun 1965 aka yi shi don kanun talla, Bebas Neue kuwa na wani ɗan Japan ne kuma manyan baƙaƙe ne zalla. In ka kwashe jerin abinci da farashi da lambar waya ka zuba a irin waɗannan, ido zai gaji, tuwo da miyar kuka su haɗe su zama katanga. Babban rubutu da mai kauri, ƙananan bayanai da mai sauƙi, samfuri biyu sun isa allo ɗaya, ina ganin yara suna sa biyar har shida abin yana min ciwo.

Ummu Dizain, Pantami:
Yaya Baban Zane ya gama magana, ni dai in kwastoma ya nace sai wani samfurin da ba shi da su, da hannu nake yi. Ka rubuta K ɗin, ka danna Ctrl+Q a manhajar zane ta Corel ya koma zane, sai ka yanko lanƙwasa daga J ko C na samfurin ɗin kansa ka ɗora, saboda kaurin ya zo ɗaya. Kar ka jawo Ƙ daga wani samfuri daban ka liƙa, daga nesa ake gane shi kamar faci a sabuwar shadda. Kuma ka lura a Ƙ hannun dama na sama ne yake lanƙwashewa, a Ɓ da Ɗ kuwa ƙugiyar a hagu take. Sannan ko da wane ka yi, ka mayar da rubutun duka zane kafin ka kai wajen bugu, in injinsu ba shi da samfurin zai canja maka da wani, ya taɓa faruwa da ni a katin biki guda 300.

Malam na Kumo:
Na ji daɗi da Hajiyar ta ƙi karɓa. Haruffan nan tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko, ƙasa daban kasa daban, amma allunan garin nan kaɗan ne za ka gan su. Ɗana, ka sake buga mata da kyau.

Almajirin Corel, Bolari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke Noto ɗin, Ƙ ta fito radau. Anti Ummu gobe zan gwada na yankan, in na kasa zan turo hoto ki duba min.