Kiwo ya ƙone, tumakina na da ciki: in ba su dankali da ɓawon rogo?

Mai Tumaki Tara:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka min da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Tumaki tara gare ni, bakwai na da ciki. Asalinsu na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado yayana ya ce shi gona yake so, aka bar min dabbobi, alhali ni koyarwa nake yi a firamare, kiwo sai dai na gani ana yi. Har gobe in na ta da maganar sai ya ce ai a gaban liman na amince. To, ba wannan ya kawo ni ba. Yaron maƙwabcinmu ke fita da su bayan gari, kuma tun da aka cinye karan gonaki ba abin da ya rage sai ƙura da leda. Harawar da na ɗora a kan rumfa ba za ta kai ƙarshen wata ba. Jiya abokina mai noma a wajen Kura ya kawo min buhu uku na dankalin Hausa, ƙanana da waɗanda fartanya ta sare, kusan kyauta. Matar da ke dafa rogo a bakin makarantarmu ma ta ce in riƙa kwasar ɓawon. Nufina a riƙa kai musu can wurin kiwo a zuba musu da rana. Akwai matsala?

Baban Balami:
Wa alaikumus salam. Malam, shekarata talatin da wani abu ina kiwon Balami da Uda, saurare ni da kyau. Ɗanyen ɓawon rogo kada ka kuskura. Gubar rogo a ɓawon ta fi taruwa, balle irin mai ɗaci. Na ga akuya ta ci, kafin a sauke tukunya tana haki tana dalalar da yawu, sai wuƙa. Ƙananan dankalin nan kuma su ne masu maƙalewa a wuya, don tunkiya mai yunwa in ana wawaso haɗiya take yi, ba ta tauna. Abu na uku, wanda yaran yanzu ba su sani ba: tunkiya in ta kusa haihuwa rage mata abinci ake yi. In ka cika ta, ɗan ya yi ƙato ya ƙi fitowa. Dusa kaɗan da kanwa, shi ke nan.

Maman 'Yan Biyu:
Wata nawa cikin nasu? Ba ka faɗa ba. Hantsarsu ta fara sauka?

Mai Tumaki Tara:
Gaskiya ban rubuta ranar ba, ragon maƙwabta ne ya bi su a kiwo wajen ƙarshen damina. Uku dai cikinsu ya yi ƙasa sosai. Baba, rogon matar nan na ci ne, yara ma suna saye kullum, ba mai ɗaci ba ne.

Baban Balami:
Yaran dafaffe suke ci, kuma ba ɓawon suke ci ba. Ka ga bambancin?

Ɗalibin Shika:
Baba, Allah ya ƙara girma, a kan ɓawo da maƙalewa ina bayanka, amma maganar rage abinci ban yarda ba. Cikin tunkiya wata biyar ne, kwana 147 ko kusa da haka, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na girman ɗan a makonni shida na ƙarshe yake faruwa. A lokacin ne kuma ɗan ke matse tumbin uwar, ba ta iya cin ciyawa da yawa. In aka rage mata, musamman mai tagwaye, jikinta zai koma cin kitsenta, sai ka ga ta ware daga garke, ta ƙi abinci, tana cizon haƙora, tana tafiya kamar makauniya, daga nan ta kwanta. Wadda ta tsira ma ɗan zai zo ƙarami, dakashi ya yi kaɗan.

Shi dankali abinci ne mai ba da ƙarfi, ba laifi a ba su. Matsalarsa wajen kashi 70 cikin 100 ruwa ne, sinadarin gina jiki kuma kaɗan ne a cikinsa, don haka ba zai maye gurbin harawa ba. A wanke ƙasar, a yanka falle-falle, a fara da ɗan cikin hannu ga kowace, a riƙa ƙarawa a hankali cikin kwana goma zuwa sati biyu. In aka juye musu buhu rana ɗaya tumbin zai yi tsami, sai zawo da kumburin ciki, wata ma ta mutu. Su fara cin harawa kafin a ba su. Wanda ya yi baƙi ko ya yi fumfuna a zubar. Ɓawon rogo kuwa a baza shi a rana kwana uku zuwa huɗu, sai ya bushe yana karyewa, shanya na fitar da yawancin gubar. Amma ga masu tsohon ciki ni da zan bari sai sun haihu.

Baban Balami:
Takarda daban, turke daban. Tumaki nawa ka taɓa karɓar wa haihuwa da tsakar dare, ɗana? Ni na sa hannu na jawo ɗan da ya maƙale ya fi a ƙirga, kuma duk a gidajen masu cusa abinci ne.

Ɗalibin Shika:
Waɗancan ƙiba ce ta yi musu yawa tun farkon ciki, Baba. Na Malam ƙura suke lasa. Malam, ka shafa bayansu, in ƙashin baya na sukar hannunka to ramammu ne.

Na Bakin Fadama:
Ku kuna ma da abin da za ku yi gardama a kai. Ni bara raguna biyu na turke don layya, mai dusa ya haɗa min da ƙaiƙayi da yashi, sai da na tankaɗe na gane. Na koma ya rantse min ba shi ba ne. Mutane ba sa tsoron Allah wallahi. Bana buhun ma ya gagare ni.

Maman 'Yan Biyu:
Kai dai bari. Ni kuma leda ce ta kashe min tunkiya da ciki, da aka farka tumbin cike yake da ita. Tun daga nan na daina sakinsu. Malam, ka koma wajen abokin nan naka ka roƙi ganyen dankalin, ya fi saiwar amfani wajen nono. In akwai gawo kusa da ku, ka sa yara su tsinto 'ya'yan, ga kowar wake, ga ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya. Kuma me ya sa sai a wurin kiwo? A ƙasa za su haɗa da yashi, manyan su ture masu ciki. Ka ware ukun nan a gida, ka zuba musu a kwatarniya.

Mai Tumaki Tara:
Hajiya, gidan haya nake, tsakar gidan ba ta fi tabarma huɗu ba, mai gidan ma da ƙyar ya bari suke kwana. Kuma ƙarfe bakwai nake fita, wa zai zauna yankan dankali? Abokin nawa ya ce shi haka yake zuba wa nasa gaba ɗaya, ba abin da ya same su. Buhunan nan kuma in na tsaya bin sati biyu ruɓewa za su yi, ga shi har na biya kuɗin mota.

Ɗalibin Shika:
To ka yanka ka shanya, busasshe zai daɗe. Nasa sun saba ne, naka ba su saba ba.

Baban Balami:
Ka sayar da biyun da ba su da ciki ka sayi harawa, magana ta ƙare. Wanda ba shi da abincin tara bai kamata ya riƙe tara ba.

Mai Tumaki Tara:
Baba, ɗaya daga cikinsu ita mahaifina ya fi so, ba zan iya kai ta kasuwa ba. Af, na manta ban faɗa ba, tun jiya da yamma yaron ya riga ya zuba musu kamar rabin kwando. Yau da safe ɗaya daga cikin ukun ba ta tuƙa, ta tsaya a jikin bango ita kaɗai.

Maman 'Yan Biyu:
Subhanallahi! Shi ne sai yanzu kake faɗa? Ka nemi likitan dabbobi yau ɗin nan, kada ka kai gobe.

Baban Balami:
Me na ce tun farko? Jiƙa kanwa ka ba ta.

Ɗalibin Shika:
Kada a ɗura mata komai sai an duba, tsamin tumbi da ciwon masu tsohon ciki maganinsu ba ɗaya ba ne. Cikin ya kumbura ta hagu? Tana zawo?

Na Bakin Fadama:
Malam, abokin naka yana da sauran dankalin? Nawa buhu?