Bidiyon waƙa babu fuskar mawaƙi, zai karɓu kuwa?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani mawaƙi ya ba ni aikin bidiyo, waƙar a kan rashin mahaifiya take. Ina so in ɗauki hannayen wata tsohuwa kawai tana ninke kayan ɗanta, shi mawaƙin kada ya fito ko sau ɗaya. Ya ƙi, wai ba za a san shi ba. Ni kuwa na gaji da mawaƙi a gaban mota yana motsa baki. Me kuka gani?

Yaya Babba:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, tsoronsa yana da tushe. Tun da MTV, tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, ta fara a 1981, bidiyo ya zama tallar fuska, kamfanoni mutum suke sayarwa. Amma dubi ƙungiyar mawaƙan Gorillaz, zanen katun suka sa a gaba, kuma duniya ta san waƙoƙinsu. Idan babu fuskar da ido zai bi, kunne ne yake aiki, baitin ya zauna a zuciya.

'Yar Baiti:
Gaskiya ne, Yaya, sai dai sabon mawaƙi da fuskarsa ake gayyatarsa wasa. Kada a tauye shi. Malam, sa sunansa a farko, ka nuna shi na daƙiƙa biyar a ƙarshe.

Mai Kyamara:
Na gode, 'yar'uwa. Sunan zan sa. Daƙiƙa biyar ɗin nan ce har yanzu zuciyata ba ta kwanta da ita ba, don mai kallo zai manta da tsohuwar.