Kukan daɗi a ajin yara

Malamar Bilbis:
Assalamu alaikum, malaman Tawa,
Ga wani wasa da nake yi da yara.
Ƙwarya biyu nake ajewa kan tebur,
Cike da ƴan takardun da na tattara.
Ta dama: kuka, zafi, babba, sauri,
Ta hagu: daɗi, sanyi, yaro, jira.
Ɗalibi ya zaro ɗaya nan, ɗaya can,
Ya haɗa su, aji duka ya saurara.
Wata ta zaro "kuka" ta zaro "daɗi",
Ta ce: "Na inna ne, ba ya da ƙara,
Ran da baba ya komo daga Abijan,
Ya tsaya bakin zaure ya yi kira."

Tsohon Darakta, Wadata:
Ɗiyata, sannu da aiki, Allah shi biya,
Amma tsaya, akwai wurin gyara.
Kishiyoyi ba a haɗa su ɗaki guda
Sai kowace ta san nata tun a fara.
Yaron da bai riƙe "sanyi" shi kaɗai ba,
In kin ɗora masa zafi, sai ta gagara.
Ƴan CI, ajin farko, a ba su allo da alli,
Wasan nan na ƴan CM ne, manyan firamare, ya jira.

Malamar Bilbis:
Baba, na ji, kuma na ɗauka da girma,
Sai dai ba a lakwal suka fara ji ba, saurara:
Kaka kan ce wa jika "babban yaro"
In ya ɗauko mata ruwa a gora.
Mai kilishi na cewa "mugun daɗi",
Ɗan shekara biyar ya gane, har ya dara.
Abin da ke kunnensu nake sa wa a allo,
Su ga rubutunsa, sannan mu ƙara.

Mushen (malamin) Galmi:
Ni ka-cinci-ka-cinci nake sa musu,
Wanda ya kasa, gari zai ba da tara.
Ya ba da Madawa, ya ba da Ƙonni,
Ya nuna su a taswira kafin ya tsira.
Baba Darakta, ga naka: bebe mai magana,
Ba shi da baki, labarinsa ba ya da saura.

Tsohon Darakta, Wadata:
Littafi ne, ɗana, ba ka samun garina!
Na daɗe a aikin nan, ban kangara.
Tun 1973 a Damagaram aka gwada
Koyarwa da Hausa, can aka fara.
A 2025 ta zama harshen ƙasa a Nijar,
To dole mu koyar da ita da lura.
Ɗiyata, kukan daɗi yana da fuska biyu:
Har da mai ƙorafi alhali ga nono ga fura.
Ki sa kowa ya rubuta jimla cikakkiya,
Kada a tashi da dariya kawai da ƙura.
Ranar Litinin ina nan tafe Bilbis,
Ki aje mini kujera a bayan yara.