Wane horo ne zai gyara aikin 'yan sanda?

Ɗan Nima: Salamu alaikum. Kullum ana cewa horo ne zai gyara 'yan sandan Ghana. Wane irin horo ne zai canza abin da muke gani a caji ofis?

Malamin Mamobi: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kurtu ke samu a makarantar horar da 'yan sanda ta Tesano a Accra tushe ne: fareti, riƙon bindiga, doka. Amma sajan da sufeton da zai tarar a ofis su za su tarbiyyantar da shi. In ba a mayar da su kwas ba, halinsu zai ɗauka.

Hajiyar Sabon Zongo: Gaskiyarka, Malam. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48, ko a sake shi. To sai an koya wa mai tsaron kantar caji ofis ya rubuta lokacin kamu a littafi nan take, ba washegari ba. Haka kayan shaida: a sa musu lamba, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Hannu ɗaya ya ɓace, lauya ya samu ƙofa.

Malamin Mamobi: Kuma Hajiya, a ɗaure ƙarin girma da cin jarrabawar kwas, a duba koke-koken jama'a kafin a ba mutum igiya.