Wane bos ne ya fi, kuma littafin wa za mu saya?

Abba Tarauni: Jama'a sannunku da hutawa. Ƙanina ya kalli fina-finan Marvel kaf, yanzu littattafan zanen yake so ya fara. Shi kuma bos ne yake burge shi, akta bai dame shi ba. Ku ba ni sunayen waɗanda mugun ciki yake da nauyi. Ban da Joker don Allah, ya ishe ni.

Yaya Sani: Magneto, a rufe zance. Amma kada ya fara da X-Men na 1963, wanda Stan Lee da Jack Kirby suka yi, don a can mugu ne kawai mai hular ƙarfe da cika baki. Chris Claremont ne ya zo daga baya ya ba shi tarihi, ya mai da shi wanda ya tsira daga kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Ka nemo masa God Loves, Man Kills na 1982. A ciki wani mai wa'azi ne, William Stryker, yake ingiza jama'a su ƙarar da jinsin su Magneto, har dole ta sa Magneto ya tsaya gefen X-Men. In ya gama sai Magneto: Testament na Greg Pak, 2008. Babu tashi sama, babu dambe, yaro ne a Jamus har zuwa Auschwitz.

Hafsat: Yaya Sani kullum Magneto. Doctor Doom fa? Mutumin da yake da ƙasarsa, Latveria, ga kimiyya ga tsafi. Abba, Triumph and Torment na 1989, Roger Stern ya rubuta, Mike Mignola ya zana. Doom ne ya ja Doctor Strange suka shiga wuta don ceto ran mahaifiyar Doom. Duk girman kansa, a nan za ka ji tausayinsa.

Yaya Sani: Tausayin mai mulkin kama-karya? Hafsat ki ji tsoron Allah.

Hafsat: Kai naka ai jirgin ruwan yaƙi ya nutsar da mutane a ciki.

Mubarak: Ku bar Abba ya samu abin da ya zo nema. Tunda yaron ya kalli Black Panther, Killmonger zai fi saurin kama shi. Ya fara fitowa a Jungle Action na 1973, labarin Panther's Rage na Don McGregor. Rubutun ya yi yawa a kowane shafi, salon zamanin ne. In ya ga zai gaji, a ba shi na Christopher Priest da ya fara a 1998, shi ya kawo Dora Milaje. Sannan ni dai ba zan yi shiru a kan Joker ba, The Killing Joke ya isa a karanta.

Anti Zainab: Mubarak, shekarun yaron nawa tukuna? Littafin nan na 1988 ai shi ne Joker ya harbi Barbara Gordon, ya tuɓe ta, ya ɗauki hotonta, duk don a girgiza babanta. Ita ba a tambayi yadda ta ji ba. Shi kansa Alan Moore da ya rubuta shi ya sha cewa bai ɗauke shi aikin kirki ba. Wanda ya gyara ɓarnar John Ostrander ne da matarsa Kim Yale, su suka dawo da Barbara a keken guragu da sunan Oracle. Abin ya yi yawa har marubuciya Gail Simone ta tara jerin sunayen matan da aka kashe ko aka nakasa don kawai jarumi ya samu dalilin fushi. A 1999 ne, ta kira shi Women in Refrigerators, saboda budurwar Green Lantern da aka kashe aka cusa a firji a 1994.

Abba Tarauni: Sha shida yake, Anti. Na cire shi daga lissafi.

Anti Zainab: Madalla. Kai kuma da ka girma, karanta Alias na Brian Michael Bendis, inda Jessica Jones ta fito. Purple Man ba ya ɗaga mota, magana kawai zai yi ka bi. Ni shi ya fi ba ni tsoro, don masu irin wannan iko suna nan a ofisoshin da ake buga littattafan. Eddie Berganza, editan da a da yake riƙe da littattafan Superman a kamfanin DC. Tun 2010 ma'aikata suka kai ƙararsa kan cin zarafin mata, cikinsu har da Janelle Asselin. A shekarar aka ƙara masa girma. A 2012 aka rage masa muƙami bayan wani abin ya sake faruwa a wurin taro, amma yana nan a kujera. Sai Nuwamba 2017 da kafar labarai ta BuzzFeed ta buga labarin, cikin 'yan kwanaki aka kore shi. Matan da suka yi magana kuwa tuni sun bar kamfanin.

Mubarak: Anti, wannan na sani kuma ban goyi baya ba. Amma littafi muka zo nema. Superman ne ya yi laifin?

Malam Idi: Bari in sa baki, Mubarak. Ka duba yadda sana'ar take. Yawancin marubuta da masu zane ba ma'aikata ba ne, aikin kwangila suke, shafi-shafi ake biyansu. Edita ne zai kira ka wata mai zuwa ko ya manta da lambarka. Aikin kuma a taruka ake samunsa, irin na San Diego, sau da yawa da dare a mashayar otal. Yarinya mai zane da ke neman shiga, wa za ta kai wa ƙara? Kamar ɗan kamasho ne a tasha, in ya ɓata da shugaban layi ya tashi aiki, ba sai an rubuta masa takardar kora ba. Kuma gidan tun asali mai ƙarfi ke cin nasa: Jerry Siegel da Joe Shuster da suka ƙirƙiro Superman dala 130 aka ba su a kansa a 1938, Bill Finger kuwa, wanda da shi aka ƙirƙiro Batman, sai 2015 aka fara sa sunansa a kai, ya daɗe a kabari.

Hafsat: Yunin 2020 ne abin ya fashe gaba ɗaya. Kamfanin Dark Horse ya raba gari da edita Scott Allie, DC ta janye aiki daga hannun mai zane Cameron Stewart, duk kan zargin da mata suka yi musu. Sai marubuci Warren Ellis, wanda mutum sama da 60 suka haɗu suka ba da labarin yadda suka ce ya yi amfani da sunansa ya yaudare su. Ya fitar da sanarwar ban haƙuri, har yana cewa bai taɓa ɗaukar kansa mai iko ba. Nan ne na tsaya. Mutumin da kalmarsa ɗaya take buɗe wa sabon marubuci ƙofa?

Yaya Sani: To ni Extremis ɗinsa yana kan kantata, kuma labarin Iron Man ne mai kyau. In ƙone shi?

Anti Zainab: Wa ya ce ka ƙone? Adi Granov ya zana shi, bai yi wa kowa komai ba. Ni dai sabon kuɗina ba ya zuwa can. Kowa da inda ya ja layinsa.

Mubarak: Matsalata da wannan, zargi ne fa, ba kotu ba. Gobe a taso wani da ƙarya.

Malam Idi: Kamfanonin nan ba su san asara ba ne? Berganza shekara 7 suna riƙe da shi bayan ƙarar farko. Saurin kora ba shi ne cutarsu ba. Kuma masu karatu ma suna da nasu kason. A 2017 Heather Antos, edita a Marvel, ta sa hotonsu ita da abokan aikinta mata suna shan madarar sanyi, don tunawa da Flo Steinberg, tsohuwar ma'aikaciyar Marvel da ta rasu. Zagi aka yi ta aiko mata. Marubuciya Chelsea Cain ma haka aka taso ta a Twitter a 2016 saboda rubutun da ke jikin rigar Mockingbird, jarumar littafinta.

Mubarak: Wancan rashin tarbiyya ne, na yarda. A kan Ellis dai ban sauka ba.

Abba Tarauni: Jama'a, yaron fa yana jira.

Anti Zainab: Rubuta. Ms. Marvel na 2014, G. Willow Wilson ta rubuta, Sana Amanat ce edita. Kamala Khan, yarinya Musulma a Jersey City, iyayenta 'yan Pakistan, ga faɗa da miyagu ga dokar dawowa gida da wuri. Bos ɗin farko bai kai su Doom ba, gaskiya, amma yaron zai ga gidansu a ciki. Sai Shuri na Nnedi Okorafor, 2018.

Hafsat: Da Malika na Roye Okupe, daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya ɗauko ta. Dark Horse ce take buga shi yanzu, kafin Mubarak ya ce na yi baki biyu.

Mubarak: Kin riga ni.

Abba Tarauni: Na rubuta Magneto biyu, Doom, Priest, Kamala, Malika. Yaya Sani, God Loves ɗin nan kana da shi a takarda ko a waya?

Yaya Sani: A takarda. Ka zo bayan Juma'a, amma da sharaɗi: kada ya naɗe min bango.